Gilayel a Tahoua: shuka cikin ɗari, tono kahin bazara

Duk wanda ya taɓa riƙe fakitin irin fure na Turai ya san abin da ake rubutawa a bayanshi da faransanci, wai a shuka tsakanin Maris da Mayu, a tone cikin Oktoba tun ƙanƙara ba ta sauka ba, a ajiye har sanyi ya wuce. To mu nan Tahoua ina munka ga ƙanƙara, Afrilu da Mayu su ne watannin da zahi ke wuce digiri 40, mutum ma inuwa yake nema balle fure. Saboda haka in za ka shuka gilayel a nan, wato furen nan mai doguwar sanda da ake kira glaïeul da faransanci, sai ka juya kalandar tasu, lokacin da suke tono kai lokacin kake shiri na shuka, lokacin da suke shuka kai kuma kana tono. Su sanyi suke gudu, mu zahin bazara da ruwan damana muke gudu. Ni dai haka na yi kuma ya yi, bari in ba ku yadda abin ya gudana.

Yayata da ke Yamai ce ta aiko mani da kawunan cikin mota wajen ƙarshen kaka, fakiti ne na Holan da hoton fure ja da fari da ruwan hoda a jiki. Abin da ke ciki sai ka ce ƙaramar albasa da anka danne ta yi faɗi, da ɓawo busasshe ruwan ƙasa, amma in ka yanka ba za ka ga hawa-hawa irin na albasa ba, dunƙule ne guda. A jikin fakitin an rubuta 12/14, wannan kewayen kan ne da santimita, kuma iya girman kai iya tsawon sandar furen da zai ba ka. In kana zaɓe da hannu ka ɗauki mai nauyi mai tauri, wanda ya yi tudu ya hi wanda ya baje ya yi lebur ko da shi ya hi faɗi.

Abin da ya ba ni dariya da na bincika, furen nan da muke jira a aiko muna daga Holan asalinshi na Afirka ne. Danginshi sun kai wajen iri 300 kuma mafi yawansu a kudancin Afirka suke, akwai ma na daji da ke hitowa da damana a dazuzzukan kudu da mu wanda Hausawa ke kira rumana. Turawa ne sunka kwashe sunka yi ta haɗa aure tsakanin iri da iri, a Beljiyam wajen 1840 anka samu wanda ya zama kakan yawancin manyan da ake sayarwa yau. Wato kayanmu ne ya tahi ya dawo cikin kwali da farashi.

Kawuna manomin albasa ne daga wajen Galmi, ya zo gari ya iske ni ina shanya su bisa faifai. Ya ɗauki guda ya matsa ya sansana ya ce "ɗiyata wannan a miya ake sa shi ko soyawa ake?" Na ce a'a Kawu ba a ci, fure yake yi a kalla. Ya yi shiru ya ce "to Allah ya kyauta, ruwan da za ki ba shi da albasa kinka ba da kin ga kuɗi." Amma duk da haka shi ne ya zama malamina a wannan aiki, don kusan duk abin da albasa ke so a ƙasa shi ma shi yake so. Kuma maganar ci ba wasa ba ce, kan gilayel na da illa ga dabbobi irin su karnuka da kyanwa da dawaki, don haka a kiyaye shi daga yara da bisashe.

Ƙasar gidanmu rairayi ce kuma wannan alheri ne, don abin da ya hi ƙi shi ne ruwa ya kwanta mashi a gindi. Na sa yara sunka kafce wuri mai samun rana tun safe, zurhin kamar santimita 30, munka zuba tsohon takin awaki wanda ya riga ya ruɓe ya zama gari. Kawu ya ja mani kunne kan ɗanyen taki, ya ce shi ke ruɓar da kai tun bai tsira ba. Na ƙara ɗan takin zamani 15-15-15 a ƙasan rami na rufe da ƙasa don kada ya taɓa kan kai tsaye. Zurhin shuka santimita 10 zuwa 15 ne, ni na bi 15 saboda rairayi ba ya riƙe gindi kuma iskar hunturu na nan tahe. Tsinin ya kalli sama, tsakanin kai da kai kamar taƙi guda ko ƙasa da haka kaɗan. Ban shuka duka rana ɗaya ba, na fara farkon Nuwamba, na ƙara bayan sati biyu, ragowar sai cikin Disamba, don furen ya riƙa zuwa kashi-kashi. Waɗanda anka shuka da wuri su sunka hi kyau nesa ba kusa ba, na Disamba furensu ya faɗo cikin zahin ƙarshen Fabrairu da Maris, yana buɗewa bakinshi na ƙonewa.

Tsiro ba ya daɗewa, sati guda zuwa kwana goma za ka ga tsini kore ya huda ƙasa. Ban ruwa kuwa sai da lura, ina ba shi kwana biyu-biyu da arozuwar, wato butar ban ruwa, in na tura yatsa na ji da sauran laima sai in bar shi. Lokacin da bai kamata a yi sakaci ba shi ne daga ganye na uku zuwa sama, don a nan ne sandar furen ke haɗuwa a ciki ba ka ganinta, in ƙishirwa ta kama shi a wannan lokaci ko ya ba ka gajeriyar sanda ko ya yi ganye kawai ya ƙyale ka. Da ya kai tsawon kamu guda na tara mashi ƙasa a gindi, na kafa karan dawa kusa da kowane na ɗaure da tsumma sako-sako, sannan munka tsaida zana ta gabas inda iska ke bugowa. Wanda bai yi haka ba a Tahoua cikin Janairu zai tashi da safe ya iske su kwance, kuma in sandar ta lanƙwashe ba ta komawa daidai.

Wajen ƙarshen Disamba na fara ganin zane-zane farare kamar azurfa a ganye. Na ɗauki hoto na tura ma Kawu ta WhatsApp ɗin ɗanshi, nan take ya aiko da murya ya ce ai waɗannan ƴan mitsi-mitsin ƙwarin ne da ke tsotse ganyen albasa, ki buɗa tsakanin ganye za ki gan su. Haka kuwa, siraran abubuwa da ƙyar ido ke kama su, masu aikin gona na ce masu tirips. Na daka ƴaƴan bedi na jiƙa ya kwana, na tace na sa ɗan sabulu, ina fesawa da marece har cikin matsatsin ganyen inda suke ɓoyewa, sati-sati. Bai kashe su duka ba amma ya rage su sosai. Ku riƙe maganar ƙwarin nan don za su sake hitowa a zancen ajiya, suna iya laɓewa ƙarƙashin ɓawon kai su bi shi har inda anka ajiye shi.

Daga shuka zuwa fure kwana 70 zuwa 100 ne gwargwadon iri, nawa na farko sun buɗe ƙarshen Janairu. Sanda ce doguwa, furen na jere suna kallon gefe guda, na ƙasa ke fara buɗewa sannan a yi sama ɗaya bayan ɗaya. Matan unguwa sunka yi ta shigowa kallo, kowa sai ta kai hanci sannan ta ce au ba ya ƙamshi? Ba ya yi, kyau ne kawai. In za ka yanka don sawa cikin ɗaki ka yanka da sassafe lokacin da na ƙasa guda ko biyu sunka fara nuna launi, ka tsoma cikin ruwa nan take kuma a tsaye, in ka kwantar da shi kan sandar zai lanƙwaso sama da kanshi. Yana kai sati guda a ruwa in ana canzawa. Babban abin dai kada wuƙa ta kwashe ganye, ka bar aƙalla huɗu a jikin gindin.

To nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne mutane ke gajiya. Da fure ya ƙare abin ba shi da kyan gani, ganye ne tsaye kawai suna cin ruwa, har wata maƙwabciyata ta ce Hajiya ki tuge su mana ki sa salati tun da sauran sanyi. Amma kan da ka shuka a Nuwamba ya riga ya ƙare, ya ba da duk abin da ke cikinshi, ba zai sake yin fure ba har abada. Sabon kai ne ke girma a bisanshi, kuma abincin da zai cika shi daga ganyen nan yake zuwa cikin sati 6 zuwa 8 bayan fure. Ka tuge da wuri ka samu ƙanƙanen kai marar ƙarhi, baɗi ba fure. Don haka na ci gaba da ban ruwa, na yanke sandunan da sunka bushe don kada su ɓata ƙarhi wajen yin iri, da rana ta fara zahi cikin Maris na maida zanar ta yamma don ta tare masu ranar la'asar ganyen su ƙara kwana. Da sunka fara yin ɗorawa na rage ruwa, sannan na tsaida shi gaba ɗaya kamar sati guda kahin tono don ƙasa ta sha iska.

Tono da safe na yi, cikin ƙarshen Maris. Ba a jan ganye, a nesa kaɗan ake sa hauya a ɗaga ƙasar duka, don in ƙarhe ya ji ma kai ciwo ta nan ruɓa ke shiga. Na shimfiɗa buhu kusa ina ɗora kowane a kai kahin in kakkaɓe, saboda ƴaƴan. Abin da za ka gani ya isa kallo, sabon kai fes a sama wani ma biyu ya yi, tsohon a ƙasa ya yamutse ya yi baƙi da saiwoyi a jiki, sannan a tsakaninsu ƴan ƙanana kamar ƙwayar wake sun kewaye, wani gindin kaɗan wani da yawa. In ba ka sa buhu ba duk cikin rairayi za su ɓace. Na yanke karan na bar kamar santimita 2 zuwa 3 a bisa kai, ban wanke da ruwa ba, hannu kawai. Kuma tun a nan na raba launi da launi na rubuta, don in sun bushe duk kamarsu ɗaya ba mai gane ja da fari.

Shanya a inuwa ake yi. Ranar Maris ta Tahoua dafa su za ta yi. Na jera su bisa rariya ƙarƙashin rumfa inda iska ke wucewa, ba a ɗora wani kan wani ba, ina juyawa lokaci-lokaci. Ƙa'ida sati 2 zuwa 3 ne, mu da iskarmu ke bushe ƙamas sati biyu ya isa. Alamar sun yi ita ce ka kama tsohon kan na ƙasa ka murɗa da babban yatsa ya ɓalle ɓas ya bar tabo mai tsabta, in ya ƙi kada ka tilasta, ƙara mashi kwanaki. Ɓawon sama ban ɓare ba sai wanda ke faɗuwa da kanshi, shi ke hana kai bushewa. Duk wanda na ji ya yi laushi ko ya yi baƙin tabo da ya nutse ciki ko ba shi da nauyi na ware na ƙone, ban jefa cikin taki ba don ciwon na zama cikin ƙasa. Sauran na barbaɗa masu garin farar wuta kaɗan, Kawu ya ce toka ma ta yi.

Sai gardama ta tashi kan inda za a ajiye. Kawu ya ce "ɗiyata mu da muke ajiye albasa buhu-buhu cikin rudu wata da watanni, wannan ɗan abin zai gagare mu?" Ga wanda bai sani ba rudu rumbu ne na kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa iska na ratsawa, a ciki manoma ke ajiye albasar da anka cire a bazara har ta yi tsada, kuma ko su sun san wani kashi na ruɓewa kahin lokacin. Na ce Kawu wannan sanyi yake so, digiri 2 zuwa 7. Dalili uku ne, sanyi na hana shi yamutsewa, yana tsaida ƙwarin nan da sunka laɓe a ɓawo, sannan sabon kai barci yake yi bayan tono kuma sanyi ke taimaka mashi ya farka ya tsira lokaci guda. Manoman fure na ƙasar Indiya da ke wurare masu zahi irin namu haka suke yi, su shuka da kaka su tone kahin zahi su kai ɗakin sanyi. Don kada a yi ta ja na raba su, mafi yawa firigo, wasu cikin kwando na rataye a ɗakin ƙasa da ya hi ko'ina sanyi a gidan, ƴan kaɗan kuma dama na bar su cikin ƙasa ban tone ba in ga abin da zai faru.

Ajiyar firigo ita ma da nata rigima, don daga Afrilu har Oktoba ne, wata bakwai kenan abinka na zaune cikin firigon gida. A aljihun ƙasa na kayan miya ake sawa, ba wajen ƙanƙara ba, in ya daskare ya mutu. Leda ba ta yi sam, gumi take tarawa su yi hunhuna, ni cikin ambulan na takarda na zuba na huda ramuka, wasu kuma na ƙulle cikin yankin tsohon sange. Na rubuta da manyan baƙaƙe BA NA MIYA BA NE don akwai masu shiga madafa da sauri. Sannan ga mangwaro, daidai lokacin da yake cika kasuwa, kuma nunannun ƴaƴan itace irin su mangwaro da ayaba da tuffa na fidda wata iska da ke lalata idon furen da ke cikin kai, don haka na kafa doka ba a sa su ciki, yara sunka yi ta ƙunƙuni har damana. Ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, da bazara kuwa kowa ya san ta. In na ƴan awoyi ne ba komai muddin ba a yi ta buɗe ƙofa ba, matsalar ita ce raɓar da ke sauka bisa kaya in sanyi ya tahi ya dawo. Shi ya sa duk wata nake hiddo su in duba ɗaya-ɗaya, in takarda ta yi laima in canza, wanda ya fara laushi in cire shi tun bai shafa ma sauran ba.

Da Oktoba ta ƙare sakamako ya hito. Na cikin ƙasa ko ɗaya bai kai ba, tsakanin ruwan Agusta da gara sai ɓawo na iske. Na kwando sun rayu wasunsu amma sun rame sun yi sakayau, bazara ta tsotse su sannan laimar damana ta sa wasu hunhuna, waɗanda na shuka daga ciki wani ya tsira yau wani sai bayan sati uku, sandunan kuma gajeru. Na firigo na hiddo su kamar sati guda kahin shuka na baza a inuwa su saba da iska, suna nan da taurinsu, a kewayen gindin har ƴan ƙuraje farare sun hito wato saiwa na shirin hudowa, kuma tare sunka tsira. Da na gaya ma Kawu cewa ya yi "to ai shi ɗan gata ne, albasarmu ba ta san kuran ba." Ban shuka su inda na shuka karon farko ba, na canza wuri, don ciwon ruɓar kai na daɗewa cikin ƙasa kuma an hi so a bar wuri ya huta shekara 3 ko 4 kahin a maido gilayel cikinshi.

Ƴan ƙananan kuwa ɓawonsu tauri gare shi, sai an jiƙa su cikin ruwa kwana ɗaya ko biyu kahin a shuka, zurhin santimita 4 zuwa 5 kawai, kusa-kusa a layi. Abin da ke hitowa sirara ne kamar haki har sai ka gargaɗi mai shara kada ya tuge. Shekarar farko ba fure, girma kawai suke yi, a tone su tare da manya a shanya a ajiye, sai shekara ta 2 ko ta 3 su kai girman yin fure, kuma launin uwarsu suke ɗaukowa daidai. Ta nan ne fakiti guda ke zama garka.

Wanda ba shi da firigo ko kuran ɗin unguwarsu ba ya zama, shawarata ya zaɓi manyan kawuna kawai don ƙanana ke fara bushewa, ya rataye su inda iska ke wucewa nesa da kwanon rufi, ko kuma ya nemi ɗan uwa mai firigon sola ya roƙi ɗan lungu, ambulan biyu ba su cin wuri. Ni bana farkon Nuwamba zan shuka duka in bar kashin Disamba, kuma jan ya hi farin yawan ƴaƴa a wurina, don haka masu tambayar iri ja ne zai fara samuwa.